Kifin da Yaya Brunon Ya Kasa Saki

Yayana Brunon bai taɓa jin magana ba, kuma shanyewar ɓarin jiki da ta kwantar da shi da sanyin bara ba ta koya masa komai ba. Hannunsa na dama ya dawo, amma yatsun sai sun ga dama suke damƙewa. 'Yarsa Jadwiga har ta samo mai sayen jirgin ruwansa, wani ɗan birnin Gdańsk mai jar mota. Ɗan ƙaramin jirgi ne mai inji, da sunan marigayiya matarsa Truda a jikinsa, kuma a cikinsa muka tsufa muna fatsar kifin salmon a tekun Jastarnia. Ba sana'a ba ce, abu ne kawai da ya shiga jininmu.

Sai da ya yi yajin cin abinci sannan Jadwiga ta sauko.

"To Baba, na ji," in ji ta. "Ku fita sau ɗaya da Baffa Klemens. In ka kawo mini salmon da ka jawo da hannunka, ba wanda ya taya ka, na fasa sayarwa. In ba haka ba, ka ba ni makulli mu huta da fargaba."

Muka fita da safe, ruwa toka-toka, iska tana yanka kunne. Na jera sandunan fatsa a bayan jirgi, na rage inji, muna tafiya a hankali muna jan ƙugiyoyi masu ƙyalli. Muka ci baƙin burodi da kitsen alade, muka sha shayi, shiru kake ji. Don in ɗebe masa kewa na tsokano labarin ƙaton kifin nan halibut da ya taɓa kamawa a Norway.

"Wai faɗin me ka ce ya yi? Bara ƙofar ɗaki ka ce, bana na ji ƙofar coci."

"Kai da ka yini kana amai a gindin jirgi, me ka gani?" in ji shi. Ya ɗan yi dariya da rabin bakinsa, amma idonsa bai bar sandunan ba.

Rana ta karkata, ni har na fidda rai, sai sandar gefen hagu ta lanƙwashe, kwarkwaron zaren ya kama ƙara. Kafin in motsa Brunon ya cafke ta da hagu, ya tokare gindinta a cikinsa, yana tura hannun kwarkwaron da tafin damansa tunda yatsun sun ƙi. Na miƙa hannu.

"Ka taɓa sandar nan sai na jefa ka ruwa, Klemens."

Na koma na zauna. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na riƙa zagin kifin. Ya jawo, kifin ya ƙwace, ya sake jawowa, gumi yana zuba masa cikin wannan sanyi. Sai ga shi ya taso kusa da jirgi, ƙato, fari fat yana walƙiya. Na zura koma na tare shi, don wannan dama aikin abokin tafiya ne. Na buɗe baki zan yi ihu, sai idona ya faɗa kan ɗan fiffiken nan mai taushi da ke kusa da wutsiya.

Tirƙashi. Salmon ɗin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo tun yana ƙarami ake yanke masa wannan fiffike, shi doka ta yarda a kai gida. Mai fiffike haifaffen kogi ne, mayar da shi ruwa ake yi. Brunon kuwa ya fi dokar zafi, sau nawa yana cacar baki da mutane a tashar jiragen ruwa a kan haka. Shi kifi ba ya ma barin ruwa: a kama ƙugiya da filaya, murɗa ɗaya ta fita, ya tafi. Kuma a jirginsa wanda ya kama shi ke saki.

"Yaya, ba ni filayar, yau dai."

"Kifina ne."

Ya sunkuya, ya riƙe komar da hagu, ya kai filayar bakin kifin da dama. Ta suɓuce. Ya sake damƙa, ta sake suɓucewa. A na gaba ya kama ƙugiyar, amma daidai lokacin murɗawa yatsun suka saki, kifin ya fizga, ƙugiyar ta yaga can cikin maƙogwaro. Jini ya bazu a ruwa. Na fizge filayar na cire, sai dai aikin gama ya gama.

Brunon ya riƙe wutsiyarsa yana kai shi gaba yana dawo da shi cikin ruwa, ko zai farfaɗo. Ya daɗe yana yi, hannunsa ya yi shuɗi don sanyi, yana ce masa, "Haba, tafi mana." Kifin ya juya cikinsa sama.

Raina ya ɓaci, na zaro wuƙa.

"Ya riga ya mutu, Yaya. Mu yanke fiffiken mu naɗe shi a buhu. Jadwiga ta san wani fiffike ne? Da hannunka ka jawo shi, ni shaida ne!"

"Jawowa ai ko wawa ya iya," in ji shi, bai ko dube ni ba. "Ita ce kawai za mu yaudara. Ni fa, da na ga abin da hannun nan ya yi?"

"To don kifi ɗaya za ka bar jirgin Truda ya tafi Gdańsk? Kai wane irin taurin kai ne da kai?"

Ya buɗe hannunsa. Kifin ya bi ruwa yana lilo, kafin mu juya tsuntsayen teku sun sauka a kansa. Ni na tuƙo mu gida, abin da bai taɓa bari na yi ba.

Jadwiga tana tsaye a tasha da bargo a hannu. Ta leƙa cikin jirgi, ta dube mu.

"Babu komai yau," in ji Brunon. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa. Ya zare makullin da hagu ya miƙa mata. "Ki ce wa mai jar motar har da sandunan."

"Baba, jinin mene ne a hannun rigarka?"

Ya tsaya yana fama da maɓallin rigar ceto, yatsun suna zamewa. Can ya sauke hannunsa.

"Zo ki ɓalle mini wannan, 'yata. Na kasa."

Tun da ya kwanta ciwo ban taɓa jin ya ce wa kowa haka ba. Na juya musu baya na kama naɗe igiya.