Mariƙin Fensirin Neda

"Mama, idan abu yana min ciwo, amma ke kika yi shi, faɗa ake yi ko shiru?"

Rumyana ta ajiye wuƙar da take yanka banitsa, wainar cuku, da ita. 'Yarta Neda, mai shekara bakwai, tana zaune a teburin kicin, ta cusa hannun dama a ƙarƙashin cinya.

"Faɗa ake yi. Kawo hannun."

Tsakanin babban yatsa da manuni fatar ta yi ja, har ta yi bororo. Da gajerun yatsu aka haifi Neda, fensir ba ya zama mata a hannu. Saura kwana huɗu ta shiga aji ɗaya, kuma ta riga ta ce ba inda za ta je idan sai malama ta riƙe mata hannu a gaban yara. Shi ya sa Rumyana, wadda sana'arta ita ce zana takubba da duwatsu a kwamfuta don wasannin bidiyo, ta zana mata mariƙi: ƙasansa mai kusurwa shida daidai fensir, samansa kamar ƙwai daidai tafin yarinya. Wani shago a nan birnin Plovdiv ya fitar mata da shi da roba.

"Tun yaushe?"

"Tun Talata. Na ga kina ta murna ne."

Kosta, mahaifin Rumyana, tsohon kafinta, ya ajiye kofin shayinsa ya ɗauki mariƙin. Ko kallonsa bai yi ba, ya goga shi a leɓensa na ƙasa.

"Injiniya, zo ki ji aikinki."

"Baba, na shafa shi da hannu. Sumul yake."

"Da wannan hannun da ya sha wanke-wanke? Ai ko zarto kika shafa cewa za ki yi sumul. Leɓe ba ya rufa wa kowa asiri."

Ta goga a nata leɓen. Kaifi uku ta ji, sirara kamar gashi.

Ta buɗe kwamfuta, ta kashe sulɓin da manhajar ke shafa wa zane, sai ƙashin abin ya fito fili. Da ta ja kusurwa shidan nan sama, zobe uku kacal, wato hawa uku, ta sa kafin ya zama ƙwai. Haka ta saba. A wasan bidiyo rowar layi ake yi don kada na'ura ta yi nauyi, sai a bar haske ya ɓoye gaɓoɓin, tunda ba mai taɓa takobin. Injin roba kuwa abin da aka ba shi yake fitarwa. Kunya ta kama ta, ta kasa kallon 'yar.

Kosta ya jawo kujera. "Ƙafar tebur daga kusurwa huɗu nake fara ta. Ban taɓa cewa ta zama gewaye da sara ɗaya ba. Lallaɓa ta nake yi."

Rumyana ta goge tsakiyar zanen. Ta miƙa wa Neda yumɓun wasa ta ce ta matse yadda ya yi mata daɗi, ta auna shatin da yatsun suka bari. Sannan ta raba tsawon mariƙin zobe arba'in, kowane zobe ya ɗan saki kusurwa, ya ɗan kumbura fiye da na ƙasansa. Da ta haɗa su sai abin ya murɗe kamar tawul da aka matse.

Neda ta tuntsire da dariya. "Kaka, Mama ta yi taliya."

"Bar ta, 'yar tsako," in ji Kosta, "yau uwarki ta shiga aji ɗaya."

Kowane zobe ɗigo-ɗigo ne a jere, kuma ɗigon farko na ƙwan ne bai fuskanci ɗigon farko na fensirin ba. Rumyana ta juya shi har suka yi layi ɗaya, murɗin ya warware. Ta bi zobban ɗaya bayan ɗaya da ido, ba ta iya nuna inda fensir ya ƙare tafin hannu ya fara ba.

Ran Juma'a ta karɓo sabon daga shago. Tun a bakin ƙofa ta goga shi a leɓe, mai shagon yana kallonta, ba ta damu ba. A gida ta manna wa Neda filasta a kan ciwon, ta ba ta takarda. Yarinyar ta rubuta sunanta sau biyar, haruffan suna hawa tudu. Rumyana ta kama hannun ta juya shi, ta duba tsakanin kowane yatsa.

"Gaskiya nake so."

"Ba ciwo. Amma shuɗi na so."

"Shuɗi sai mako mai zuwa."

Ranar sha biyar ga Satumba, ranar buɗe makaranta, Neda ta rungumi furen da za ta kai wa malama a ƙirji, mariƙin yana aljihun gaba na jakarta, ta shige cikin yara ba ta waiwayo ba.

Ke mai yi wa ɗanki wani abu da hannunki, kada ki yarda da abin da allo ya nuna miki, kada kuma ki yarda da "yana da kyau, Mama". Yaro yana iya haɗiye ciwo don kada ya ɓata miki murna. Kama hannun ki duba da idonki.