Keken da Kaka Zinariya Ta Gyara

Tun da haɗarin mota ya kwantar da ƙafafun Abdullatif ya kuma raunana hannuwansa, kakarsa Zinariya ta rantse ba mai kallonsa da idon tausayi a Rimaye. Ita kuwa a wuni sai ta yi masa sannu ba adadi.

Yaron ya tafi Turai, ya zama ɗan wasan zari-ruga na masu keken guragu, har ana ɗaukarsa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Da ya zo hutu kafin wata babbar gasa, da kekuna biyu ya zo: na yawo, da na wasa, wanda aka ƙera daidai jikinsa. Shi wannan na biyun ne ya hana tsohuwa sukuni. Tayoyin sun yi gwame, gefen duk ya lotse kamar tsohuwar tasa, ga wani ƙarfe ya turo baki a gaba. A ce jikanta ke hawan wannan? Ai sai maƙwabta su ce bara yake yi a can.

Ranar Juma'a, yana fita masallaci, ta sa aka ɗora keken a babur sai Kankiya, wurin Kabo mai walda. Kabo kuwa bai taɓa ganin abin da ya ce bai iya ba. Ya miƙe tayoyi sambal, ya yanke ƙarfen gaba, ya buga lotsawar, ya shafe shi da koren fenti. Kyauta ma ya ƙara masa madubin babur da ƙararrawa.

Sai da yamma Abdullatif ya dawo, ya tarar da keken a tsakar gida, an lulluɓe da sabon zane. Aka yaye. Ya matsa kusa, ya shafa tayoyin.

"Iya, mi kika yi hwa?"

"Gyara, Maigidana. Tun da can ba ka da kowa, sun bar ka cikin tarkace."

"Gwamen nan shi ka hana ni kifewa. Ƙarfen kuma da shi nake tare mutane."

"Lotsawar hwa? Wane marar imani ka buge gurgu?"

"Kowa, Iya. Ni ma ina bugunsu." Ya kaɗa ƙararrawar, dariya ta ƙwace masa, sannan ta tsaya. "Tun da na yi haɗarin nan, kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. A filin nan kaɗai ake taho mani da gudu, ba mai ce mani sannu. Shi ya sa nake son shi."

Kunya ta kama tsohuwa, da wani baƙin ciki da ba ta shirya masa ba. Sannun ta zo mata har bakin harshe, ta haɗiye abarta. Ta matso, ta ɗaka masa duka a kafaɗa da iya ƙarfinta.

"To tashi, malalaci, mu koma wurin Kabo shi ɓata shi yadda yake."