Kunyar 'Yar Fari a Ofishin Madam

Ranar da sakamakon BEPC ya fito, ni Safinatu na fara rangaɗa guɗa a layinmu, kuma ba na jin nauyin faɗa. Ilham ta ci! 'Yar yayata, wadda na goya har bayana ya ƙage, ta haye jarrabawar gama aji huɗu na sakandare. Na fito ba ɗankwali, takalma wari da wari, ina tsalle a ƙofar gida har masu tsiren bakin titi suka bar nama a wuta suna leƙe. Kafin la'asar duk unguwarmu ta Briqueterie, a nan Yawunde, ta san an yi abin arziki a gidan Malam Tahiru, mijin yayata.

Uwar yarinya fa? Yaya Karimatu na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ce, "Yaya, ta ci fa! Ta ci!" Ta ce, "To." Ko kai ba ta ɗaga ba. Ilham 'yar fari ce, ita kuwa Yaya ta ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Shekara goma sha biyar ban taɓa jin sunan yarinyar nan a bakinta ba, sai "ke", sai "waccan". In baƙo ya ce 'yarki akwai hankali, sai ta kawar da kai ta ce, "Wa? Wannan? Ai ba abin da ta iya sai ci da barci." Kowa a unguwa ya san abin da ake nufi, a yi dariya a wuce.

Da yamma Ilham ta ja ni ɗaki ta fito da wata tsohuwar kalanda. Ashe a bayanta ta zana shekaru ukun da suka rage mata, layi-layi da jan biro da shuɗi.

"Tata, duba nan," in ji ta, don haka yaran Yawunde ke kiran ƙannen iyayensu. "Bana Seconde C, ajin kimiyya. Baɗi Première C, in rubuta probatoire, jarrabawar haye wa ajin ƙarshe. Sai Terminale, in ci bak, jarrabawar gama sakandare. Daga nan sai jarrabawar shiga makarantar injiniyoyi. Lissafi da fizik su ne masu nauyi, na ba su Asabar da Lahadi. Turancin Ingilishi kuma Laraba da yamma, don nan nake da rauni."

Na ce, "Injiniyan me, 'yar nan?"

Ta ce, "Magudanan ruwa. Kowace damina sai kwata ta shigo mana har ɗaki. Ni zan gyara ta."

Kai, na rungume ta muka yi ta juyi a ɗaki har muka ture fanka. Ni da boko ya gagare ni tun aji biyu, yau ga injiniya a gidanmu! Tun daga ranar na koma kiranta Madam Kwata, tana bina da filo tana duka.

Ranar Alhamis ta je makaranta duba jerin sunayen da aka liƙa, wanda ke nuna ajin da aka tura kowa. Ta dawo ido jawur, ta wuce ɗaki ba sallama. Na bi ta. Wai an sa ta a Seconde A, ajin adabi da harsuna. Wanda ya shiga A kuwa ya yi bankwana da injiniya, don ba a barinsa ya rubuta jarrabawar shigar ma. Kuma gobe Juma'a da tsakar rana shugaban makaranta zai sa hannu a jerin, a rufe magana.

Na ce, "Ta yaya? Ke da lissafi ke gudu in ya gan ki?"

Sai ta tuna mini. A zango na biyu taifot ta kwantar da ita wata guda, makinta na lissafi ya faɗo bakwai bisa ashirin. Malamai suka rabu biyu a kanta. Sai malamar da ke ba ɗalibai shawarar ajin da ya dace da su ta aiko a kira iyaye. Babanta yana hanyar Ngaundere da motar shanu, ni ina Duwala bikin ƙawata. Yaya ce ta je ita kaɗai.

Na fito tsakar gida na tsaya a kan Yaya. "Yaya, don girman Allah, me kika faɗa wa matar nan?"

"Abin da ake faɗa mana."

"Wane ne abin da ake faɗa?"

"Ta ce wai yarinyar tana da ƙoƙari a gida? Na ce ina fa, Madam, ba abin da ta iya. Ta ce za ta iya ɗaukar ajin kimiyya? Na ce wannan? Ko ƙirgen ƙwai sai an taya ta."

Wallahi dariya ce ta fara kama ni, na durƙushe ina riƙe ciki, hawaye na zuba. Ƙirgen ƙwai! Da Faransancinta na kasuwar Mokolo ta zauna ta fassara kunyar Hausawa tiryan-tiryan, ta miƙa wa 'yar kudu da ba ta taɓa jin labarin abin ba. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauki biro ta rubuta. Da dariyar ta sake ni sai haushi ya taso.

"Yaya, kin kashe mu! Can ba zauren suna ba ne, ofis ne! Abin da kika faɗa shi ake rubutawa. Gobe da sassafe za mu koma ki warware."

Ta sha kunu. "In je in zauna gaban mutane ina yabon abin da na haifa? Ke kam ba ki da ta ido, Safinatu. Ki je ke ki faɗa, ai bakinki ba ya gajiya."

Muna cikin haka sai muryar Ilham daga bakin ƙofa, a sanyaye. "Tata, ƙyale ta. Mama ko takardar sakamakona ba ta taɓa dubawa ba. Me za ta je ta ce?" Ta saki labule ta koma. Na ga hannun Yaya ya tsaya cak a cikin faranti.

Washegari ina fitowa wanka na tarar da ita a shirye, ta yafa babban mayafinta na zuwa biki. Ta ce, "Ke muke jira." Muka cusu mu uku a bayan tasi tare da wata mata mai buhun rogo, ina ta koya wa Yaya abin da za ta faɗa, tana kallon taga kamar ba da ita nake ba.

Madam ɗin mace ce mai fara'a, da tabarau a kan hanci. Ilham ta tsaya a waje bakin ƙofa. Ni na buɗe baki na zuba bayani: a wurinmu uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa, in ta ce bai iya ba to ya iya ke nan. Madam ta cire tabarau ta dube ni, ta dubi Yaya.

"Ikon Allah. Shekarata tara a kujerar nan," in ji ta, "iyaye na zuwa su rantse mini ɗansu ya fi malamin lissafi. Ranar da uwa ta ce 'yarta ba ta iya ba, na ce yau na ga mai gaskiya." Ta yi dariya, sannan ta gyara zama. "Amma ba zan soke maganar uwa da maganar ƙanwar uwa ba. Ajin C ba wasa ba ne, yaro na bukatar wanda ya yarda da shi a gida. Ita nake so in ji."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata. Yaya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, gumi na tsattsafo mata a goshi. Na taka mata ƙafa. Ta janye. Na sake takawa. Na fara karanto duk addu'ar da na sani a zuci, har da ta shiga kasuwa.

Can sai ta yi gyaran murya, idonta a ƙasa.

"Aji ɗaya, lissafi, sha biyar da rabi. Aji biyu, sha shida. Aji uku, sha bakwai, ita ce ta biyu a ajinsu. Bana zangon farko sha shida. Zango na biyu bakwai, don tana kwance, ni na yi jinyarta, da littafin a ƙarƙashin filo take barci. Zango na uku sha bakwai da kwata."

Madam ta jawo fayil tana bi da yatsa. Na ga girarta na hawa sama.

Yaya ta ɗago kai. Faransancin ya gudu, ta koma Hausa tsantsa, ni na bi ina fassarawa ina shessheƙa. "Rediyon babanta da ya mutu, ita ta kwance ta gyara. Injin markaɗen maƙwabta ita ta gano abin da ke damunsa. Ban haifi wanda ya kai ta kai ba, kuma ban ga irinta a layinmu ba. Ilham sunanta. Ilham ɗina. Ki sa ta inda take so, Madam, ƙarya na yi miki ranar nan."

Madam ta ɗauki jan biro ta ja layi a kan A, ta rubuta C ƙatuwa, ta miƙe da takardar ta nufi ofishin shugaba da sauri. Ni kuwa na manta a inda nake, na saki guɗa a cikin ofishin gwamnati har mai gadi ya leƙo da sanda.

Da muka fito, Ilham na jingine da bango, fuska sharkaf da hawaye. Ta ji komai. Yaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta wuce fuu kamar ba ta gan ta ba. Muka bi ta har bakin titi.

"Mama," in ji Ilham, "ke da ba ki karanta boko, a ina kika san makina?"

Yaya ta yi kamar tana neman tasi. Da ƙyar ta ce, "In kin tafi makaranta nakan ɗauko takardar a ƙarƙashin katifarki in kai wa Malam Garga mai kemis ya karanta mini. Sau biyu yake karantawa, in haddace, in mayar kafin ki dawo."

"Tun yaushe?"

"Tun kina aji ɗaya na firamare. Ke, ki bar ni da tambaya, mutane na kallo."

Ilham ta kama hannunta ta riƙe gam. Yaya ta waiga hagu, ta waiga dama, ko akwai ɗan unguwarmu a kusa. Akwai kuwa, har mutum biyu, suna jiran mota a tsallake. Ta gan su sarai, amma ba ta zare hannun ba.