Tukunyar Lita Goma

Zvonko mijina ne, mutumin tudu, ya tashi cikin gonakin masara a Slavonia, bai taɓa ganin teku ba sai da ya zo neman aurena. Ƙato ne, ƙirjinsa kamar ƙofar shago. Da Baba ya tsufa, kunnensa ya hana shi nutso, sai Zvonko ya dage zai koya, don ya kama mini aikin katantanwar tekun da muke kiwo a jikin igiyoyi a Mali Ston. Ya samu takardar shedarsa a wannan bazarar, amma duk nutson da ya yi da tukunyar iska mai lita goma sha biyar ya yi shi, kuma ko ita ba ta daɗe masa. Mutum mai wannan jiki, ga fargabar sabon shiga, zuƙar iska yake kamar ana shirin ƙwace masa.

Ran da abin ya faru, guguwa ta kwana biyu tana dukan gaɓa, dole a sauka a duba sarƙar da ta ɗaure igiyoyinmu da tubalin siminti a ƙasan ruwa. Muna loda kwalekwale, Zvonko ya sungumo babbar tukunyarsa, sai Baba ya soma halin nasa.

"Ɗan tudu, ƙaura za ka yi can ƙasa? Ka haɗa da katifa mana."

"Wannan ce daidai da ni, Baba," in ji Zvonko.

"Ni da 'yar lita goma na ciyar da gidan nan. Matarka Nives ma da ita take sauka, ga ta mace."

Zvonko ya yi dariyar yaƙe, ya ajiye babbar, ya ɗauki ƙaramar da ke jingine. Na ce masa ya mayar. Ya ce aikin ɗan lokaci ne. Na sake faɗa da ƙarfi, sai ya dube ni a gaban Baba da irin kallon nan na roƙo, na kada in ƙara masa kunya. Haushin su biyun ya turnuƙe ni, na ƙyale shi.

Ruwan ya yi duhu saboda laka, da ƙyar kake ganin tsawon hannunka. Muka bi igiya muka sauka har kan tubalin. Ƙarfen da ya riƙe sarƙar ya kwance, saura kaɗan ya fita. Zvonko ya jawo sarƙar da ƙarfinsa ya riƙe, ni kuma ina ɗaure ƙarfen. Aikin ya ƙi ci. Tsatsa ta cinye bakin, sifana tana zamewa, shi kuwa kumfa na ta tashi daga bakinsa babu tsayawa.

Na buga masa kafaɗa, na tambaye shi da hannu iskar da ta rage masa. Ya yi mini alamar rabi, ko agogon iskar bai duba ba. Na dubi nawa, ni ma rabi ne. Babu yadda za a yi ni da shi mu tashi daidai. Na miƙa hannu zan kama agogonsa, ya kauce, ya nuna mini sarƙar, wai in ƙarasa tukuna. Na saki sifanar, na fizgo agogon da ƙarfi. Allurar ta wuce ja, tana kwance a ƙasa.

A daidai nan kumfar ta tsaya. Na ga ya ja numfashi, ya sake ja, babu komai. Idanunsa suka firfito cikin gilashi. Ya saki sarƙar, ya ɗaga kai sama, ya buga ƙafa. Wanda ya tashi a guje daga wannan zurfi da numfashi a riƙe, huhunsa ne zai fashe kafin ya ga rana. Na cafke ɗamarar ƙirjinsa, ya ja ni sama kamar ba ni da nauyi. Na naɗe ƙafata a igiyar, ta tsaga mini rigar nutso har fata, na tura masa bututun iskata na biyu a baki. Ya ture. Na sake turawa har na ji ya bugi haƙorinsa. Sai ya kama, ya yi tari, ya zuƙa.

Yanzu mu biyu ne a kan tukunya ɗaya ta lita goma, kuma yana sha kamar mutum uku. Na manna goshina da nasa, na dinga yi masa alama da tafin hannu, a hankali, a hankali. Muka soma hawa, hannu bayan hannu a kan igiyar. Ina kallon allurata tana sauka. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma da ina da bakin magana da na zage shi tas. Haske ya soma bayyana a samanmu lokacin da iskar ta fara yi mini nauyin ja.

Muna ɓullowa ya tofar da bututun, yana haki, leɓensa na jini. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kada ki gaya wa Baba."

Baba ya matso da kwalekwale, ya karɓi tukunyar Zvonko yana murmushi.

"To, ɗan tudu, ka ga ta ishe ka ko?"

Ya murɗa kan tukunyar don ya ji saura. Ko huci ba ta yi ba. Ya karɓi tawa ya murɗa, ta ɗan yi tsaki ta mutu. Ya dubi leɓen Zvonko, ya dubi jinin da ke bin ƙafata.

"Saura ƙiris bakinka ya sa ni baƙaƙen kayan takaba, Baba," na ce. "Shi kuma wannan ya gwammace ya mutu da ka yi masa dariya."

Baba ya juya wajen inji, ya kama igiyar tayarwa, ta suɓuce. Ya sake kamawa, ta sake suɓucewa. Sai ya zauna a kan akwatin kifi yana kallon tafukansa.

"Zvonko," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "zo ka tayar mana. Ni na kasa."