Hatimi a Kan Aikin Wani

Yaya makaho ne, kuma shi ke amsa waya a teburin tambayoyi na wani kamfanin motocin haya. Ƙanensa, wanda ake kira Injiniya a gida, shi ya rubuta masa manhajar da ke karanta masa allon kwamfuta a kunne. Da ita Yaya ke gaya wa fasinja lokacin tashin mota da kujerun da suka rage.

Ranar da kamfanin ya sabunta kwamfutocinsa, manhajar ta yi gum. Injiniya ya zo ofishin, ya ja kujera kusa da Yaya. Bai daɗe ba ya gano matsalar. Sabon tsarin ba ya ba manhaja izinin aiki sai kowane ɓangare nata yana ɗauke da hatimin wanda ya tsaya masa. Ɓangaren da ya rubuta da kansa yana da hatimi. Laburaren da ke fitar da murya, wato tarin umarnin da wani ya rubuta ya zuba a intanet don kowa ya ɗauka, ba shi da ko ɗaya.

Ya aika wa mai laburaren saƙo. Shiru. Wayar teburin tana ta ruri.

"Mene ne maganin?" in ji Yaya.

"In buga masa nawa hatimin, in ce ni na tsaya masa."

"Ka san mutumin?"

"Ko sunansa na gaskiya ban sani ba."

"Ka karanta abin da ya rubuta?"

"Yaya, ko shekara zan yi ba zan gama ba."

Yaya ya yi dariya. "Ni ne makaho, kai ne mai sa hannu ido rufe. Buga, Injiniya. Manaja ta fara gyaran murya a bayana."

Tsohon laburaren yana nan a kwamfutar Injiniya, lafiya ƙalau. Amma masu wannan sana'a ba sa ganin sabon abu su bar shi. Injiniya ya sauko da na baya-bayan nan daga intanet, ya buga masa hatimi. Murya ta dawo. Yaya ya ɗauki waya yana murmushi.

Daga baya aka gano laburaren ya canza hannu. Sabon mai shi ya cusa masa umarnin da ke kwashe lambobin wayar fasinjoji. Hukumar da ke ba da hatimi ba ta tambayi wanda ya rubuta ba, sunan da ke kan hatimin ta duba, ta soke shi. Duk abin da Injiniya ya taɓa buga wa hatimi ya daina buɗewa. Kamfanin ya ce ko an gyara, manhajar ba za ta sake hawa kwamfutarsa ba. Manaja ta ce Yaya ya huta a gida kafin a ga abin da za a yi. Washegari wani ya zauna a teburin.

Injiniya ya nemi sabon hatimi. Amsa ta shigo wayarsa da rana, suna zaune a falo. Rigar aikin Yaya tana rataye a bayan ƙofa, a goge.

"Na ji wayarka ta yi ƙara," in ji Yaya. "Karanta mini."

Injiniya ya karanta har ƙarshe. Sun ƙi, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Yaya ya murza igiyar abin sauraro na kunne da ke kan cinyarsa.

"Muryarka ba ta kai ta manhajar daɗi ba," in ji shi. "Sake karantawa, a hankali."