Anka a Kan Farin Yashi

Mijina Cuthbert, in ya samu sabon abu, sai duk tsibirinmu na Bequia ya ji labari. A bana wata manhaja ce ya saka a wayarsa, wai in jirgin ruwa ya fara jan ankarsa, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe shi wuri ɗaya, sai wayar ta yi ƙara. Da zancenta ya ishe mu har muka isa wani ɗan tsibiri a kudu, inda ba kowa sai tsuntsaye.

Don surukina, Baba Orbin, muka yi tafiyar. A ruwan nan ya ci ƙuruciyarsa yana nutson kamun kifi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kunnensa ya yi nauyi, ba ya roƙon komai sai a kai shi ya sake ganin wurin. Muka jingine shi da matashin kai a bayan jirgi, muka sa masa hula.

Cuthbert ya naɗe zanen da iska ke tura jirgin da shi, ya saki anka a kan farin yashi. A wurinmu, duk wanda ya jefa anka sai ya nutsa ya gani da idonsa ko ta kama, don akwai inda yashin bai fi tafin hannu kauri ba, ƙarƙashinsa dutse ne sumul.

"Sauka ka duba ta," in ji tsohon, bakinsa a karkace.

"Baba, wancan zamaninku ne," Cuthbert ya faɗa masa a kunne. "Ga mai gadi nan." Ya kai wayar cikin ɗakin jirgi don kada ruwa ya taɓa ta.

"Kyaftin, nutson nan zai rage ka da wani abu ne?" na ce wa mijina.

"Verna, kin cika tsoro. Zo in nuna miki kififiya."

Raina bai kwanta ba, amma na bi shi. Muka sa gilashin ido da bututun numfashi, muka faɗa ruwa, muka bar ƙaramin kwalekwalenmu ɗaure a gindin jirgi. Iska daga gabas take busowa, tana tsallake tsibirin ta nufi buɗaɗɗen teku, inda sai an yi kwana da kwanaki kafin a ga ƙasa.

In kanka yana cikin ruwa ba ka jin komai sai numfashinka. Muka zaga duwatsun murjani, muka ga kififiyar tana cin ciyawa ba ruwanta da mu. Cuthbert sai nuna min ita yake yi kamar shi ya kiwata ta. Har na sake jiki.

A hanyar dawowa na ga wani layi. Wata doguwar kunya ce a cikin yashi, miƙe sak kamar an ja fartanya, farin dutse ya fito a cikinta. Na bi ta da ido har inda ƙasan ya yanke, ruwa ya koma baƙi. Sawun ankarmu ne, amma ba ita, ba sarƙarta.

Na ɗago kai. Jirgin ya yi nisa, ya juya mana gefe, iska tana tafiya da shi a hankali. Na kamo ƙafar Cuthbert na jijjiga shi. Da ya cire bututun daga bakinsa sai muka ji ta can ƙasa-ƙasa a kan ruwa, wayar tana ta ƙara a cikin ɗaki. Ta yi aikinta tsaf.

Ya zabura da iyo, ni ma na bi, amma kowa a cikinmu ya san iska ta fi mu sauri. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya tsaya yana ihu, yana kaɗa hannuwa sama.

"Baba, saki sauran sarƙar! Baba!"

Tsohon ya hango mu. Na ga hularsa ta motsa, ya gyara zama da ƙyar. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana kaɗa mana a hankali, irin yadda yake yi wa jikokinsa in suna wasa a bakin ruwa.