Usur ɗin da Bai Yi Ƙara ba

A wurin fasa dutsen da nake lebura, ba a kunna nakiya sai an busa usur, kuma mutum ɗaya ne ke busawa. Har sunansa ya ɓace, kowa Mai Usur yake ce masa. In ya cika ƙirji ya hura, ko kana tsakiyar rugugin inji sai abin ya soki kunnenka.

Sai wata muguwar mura mai zazzaɓi ta zagaya gari, ta kwantar da shi. Ya sha jinya ya tashi. Likita ya gaya masa gaskiya: ƙwayar cutar ta fita, amma naman ƙirjin da ke jan numfashi yana turawa bai dawo da ƙarfinsa ba, ya bi a hankali. Mai Usur ya ce to, washegari ya rataya usur a wuya ya dawo aiki. Na ga yadda yake tsayawa a tsakiyar gangara dafe da gwiwa. Da na yi masa magana, cewa ya yi in kula da shebur ɗina. Taurin kai irin nasa ban taɓa gani ba.

Mai kunna nakiyarmu tsoho ne, ƙarar fashewa ta daɗe da kashe masa kunne. Ba ya jin usur. Kumatun Mai Usur yake kallo daga nesa, in ya ga sun kumbura sun saki, sai ya sa wa igiyar nakiya wuta. Haka aka saba, ba wanda ya taɓa ganin aibun abin.

A can ƙasan rami kuwa ƙanin Mai Usur ne ke riƙe da injin huda dutse. Barkono muke ce masa, don ko inuwarsa ka taka sai an raba ku. Ba ya ɗaga kai daga aiki sai ya ji usur ɗin yayansa.

Ran nan da rana tsaka aka gama ɗura nakiya a bangon da ke saman Barkono. Mu da muka ga an gama muka haye tudu. Mai Usur ya tsaya a bakin rami, ya kai usur baki, kumatu suka kumbura. Abin da ya fito ko kaza ba zai kora ba. Tsoho ya sunkuya ya ƙyasta ashana, igiya ta kama, ya yi nasa wuri.

Mai Usur ya sake hurawa, tari ya sarƙe shi. Ya buɗe baki zai yi ihu, babu iska. Mu muna ta kururuwa daga tudu, inji ya cinye muryarmu. Barkono ya ba mu baya, inji na ta girgiza kafaɗunsa.

Sai na ga Mai Usur ya ɗauki dutse kamar dunƙulen hannu, ya auna ƙaninsa ya jefa. Ya same shi a bayan kunne. Barkono ya saki inji ya dafe wurin, ya ga jini. Ya waiwayo, ya hangi yayansa da wani dutsen a hannu. Na biyun ya fasa masa leɓe.

"Yaya, ni ka jefa? Yau sai na ga abin da ke kanka!"

Ya hauro gangarar nan kamar bijimin da ya tsinke igiya. Mai Usur bai yi bayani ba, ba shi da numfashin yi. Juyawa ya yi yana jan ƙafa ya nufi bayan wani ƙaton dutse, Barkono na biye. A nan ya cim masa. Ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya haye ƙirjinsa da gwiwa, ya kai masa naushi a baki, ya ƙara masa a ido, sannan ya shaƙe wuyansa da hannu biyu.

"Me na yi maka? Faɗa mini! Me na yi maka?"

Ƙasa ta girgiza. Bango ya tsage ya zubo cikin rami, duwatsu na ta ruwa a kanmu. Da hayaƙi ya lafa, inda Barkono yake tsaye ɗazu babu komai sai tsibin dutse, ko hannun injin ba a gani.

Barkono ya daɗe yana kallon ramin kafin ya tuna inda hannuwansa suke. Ya saki. Mai Usur bai motsa ba, leɓɓansa sun yi baƙi, ƙirjin shiru.

"Yaya! Yaya, don Allah!"

Ya jijjiga shi, ya mare shi, ba amsa. Sai ya toshe masa hanci, ya haɗa bakinsa da nasa ya hura. Ya ɗago, ya sake hurawa, yana kuka, jinin kansa na ɗiga a fuskar yayansa. Muka sauko muka kewaye su.

Can sai tari ya ɓarke. Ƙirjin ya ɗaga da ƙyar, da wata ƙara mai ban tausayi. Idonsa ya kumbura ba ya buɗuwa, ya miƙa hannu yana lalube har ya kama rigar Barkono.

"Ka... fito?"

"Na fito, Yaya."